Yadda Lubwama Ya Je Namugongo da Ƙafa

A ƙauyen Nakiwolo da ke kusa da Masaka babu aikin da Ponsiyano Lubwama bai taɓa yi da baki ba. Da baki ya kashe mesa a gonar kofi, da baki ya kashe gobarar kasuwa, kuma tun da matarsa Perepetwa ta haifi 'yan biyu aka fara ce masa Baban Tagwaye, yake tafiya yana buɗa kafaɗa kamar shi ya yi naƙudar. Abu ɗaya ne baki ya kasa ba shi, wato kujerar shugaban 'yan coci. Zaɓe saura mako guda, kuma kowa ya san Ticha Kasozi za a ba, wani tsohon malamin makaranta da bai iya surutu ba, sai gyaran rufin coci da duba marasa lafiya. Abin nan yana ci wa Lubwama rai ƙwarai.

Ranar Lahadi bayan an gama addu'a, Fada Mukiibi ya sanar cewa an ɗauki hayar bas, ranar Asabar za a kai 'yan ikilisiya babban cocin shahidai na Namugongo, har an samu wata Sista da za ta zagaya da su ta nuna musu komai. Bai rufe baki ba Lubwama ya miƙe.

"Fada, a gafarce ni. Shahidan nan da za mu je wurinsu, a bas aka kai su inda aka ƙone su?"

"A'a, Baban Tagwaye, a ƙasa suka tafi, kuma a ɗaure."

"To ni ma a ƙasa zan je. Masu ciwon gwiwa su hau mota." Ya saci kallon Ticha Kasozi. "Laraba zan tashi, Asabar mu haɗu a ƙofa."

Mata suka ɗauki guɗa. Kaka Zabeti, wadda ta fi kowa tsufa a cocin, ta riƙe hannunsa tana hawaye.

A gida ya tarar da Perepetwa tana feraye ɗanyar ayaba.

"Kilomita ɗari da arba'in," in ji ta, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Kai da ko rijiya za ka je sai ka zauna ka huta a hanya."

"Mace ba ta san abin da ke cikin ƙafar namiji ba."

"Shekara ashirin da shida ina yanke mata farce. Na san abin da ke cikinta."

Dabararsa dai ba ta neman shawarar kowa. Zai taka har ya ɓace wa ƙauye, ya shige gidan ɗan baffansa a Masaka ya miƙe ƙafa kwana uku, ranar Asabar ya hau mota, ya sauka nesa kaɗan da coci, ya shafa ƙura. Ranar Lahadi kuma kujera ta zama tasa.

Safiyar Laraba ya fito cikin doguwar farar riga, da 'yar jaka da laima. A harabar coci ya tarar da rabin ƙauye, da Fada, da wani abu da bai sa a lissafi ba. Gicciyen ikilisiya ne, na katako mai nauyi, ya fi shi tsawo, an rubuta NAKIWOLO da farin fenti daga hannu zuwa hannu. Ƙarti biyu ke ɗaukarsa ranar biki, su ma suna musanya.

"Mai tafiya a ƙasa shi ke ɗaukar gicciyen mutanensa," in ji Fada. "Shekara tara ba mu samu mai kai shi can ba."

"Kada ya lalace a hanya, Fada. Ruwan sama, rana..."

"Ya ga ruwa tun kafin a haife ka."

Aka ɗora masa. Ya so a rabu a bakin ƙauye, amma 'yan waƙa suka ce ina, jarumi irin wannan sai an taka masa. Kilomita biyar suka raka shi da ganga, yana murmushi kafaɗarsa na ci da wuta. Suna juyawa ya zube a gindin mangwaro, ya tsayar da ɗan acaba.

A gidan ɗan baffan nasa gicciye ya ƙi shiga ƙofa. Suka gwada a tsaye, suka gwada a kwance, suka fasa gilashin taga, ƙarshe suka jingina shi a jikin bango. Ba a yi awa guda ba maƙwabta suka fara shigowa da tabarmi da itacen girki, fuska a sunkuye, suna tambayar wa ya rasu. Wata har ta fara kuka tun daga bakin titi. Da ƙyar aka sallame su, aka ja gicciye bayan ɗakin aladu aka rufe da buhu, matar gidan kuwa ba ta sake yi wa baƙon magana ba.

Kwana uku yana kwance, ana kawo masa ayaba da miyar gyaɗa. Safe da yamma Kaka Zabeti na kira a waya, shi kuma sai ya miƙe zaune a kan gado yana haki.

"Ɗana, ina kake yanzu?"

"Na wuce Mpigi, Kaka. Ƙafa ta kumbura kamar tulu."

"Ba kukan alade nake ji ba?"

"Hanyar nan cike take da su."

Ranar Asabar babu direban da ya yarda ya ɗauki mutum da gicciye. Sai wata babbar motar ayaba mai zuwa kasuwar Kampala ta tausaya masa. Aka kwantar da gicciye a baya, ya kwanta a gefensa, ya ja ganye ya rufe kansa. A Lukaya, inda kowace mota ke tsayawa don gasasshiyar kaza, direba ya tsaya. Wata bas ta zo ta tsaya daf da su, sai Lubwama ya ji waƙar da ya sani, da muryoyin da ya sani.

Matan Nakiwolo ba sa iya wuce ayabar wani ba su taɓa sun kushe ba. Suka kewaye bayan motar, kowace da tsinken kaza a hannu.

"Dubi wannan, ƙanana kamar yatsun jariri."

"Ni ba zan ci komai ba," in ji muryar Kaka Zabeti, "sai na ga bawan Allah nan da idona. Yana can yana jan ƙafa, mu muna cin kaza."

Wani hannu ya ɗaga ganyen da ke kan ƙafarsa. Sai ya ji an kama babban yatsansa an murɗe da ƙarfin shekara ashirin da shida. Ya cusa ganye a baki don kada ya yi ihu.

"Direba," in ji Perepetwa, "wannan ta ƙasan ta nuna ta wuce misali. Da wuya ta kai Kampala ba ta ruɓe ba." Ta mayar da ganyen ta rufe.

Daga kasuwar Kampala ya sake hawa acaba, gicciye a kwance a cinyarsa. Kafin su fita daga cunkoso ya share madubin mota biyu, ya zubar da tiren mai sayar da abarba, ya tsige hular wani mai keke, kuma duk wanda ya juyo zai yi zagi sai ya ga gicciye ya haɗiye. Kusa da Namugongo ya sauka bayan wani gidan mai. Ya sayi bandeji da tumatirin gwangwani, ya lafta wa ƙafafunsa, ya naɗe su har idon sawu, ya yi birgima sau biyu a jar ƙasa. Sannan ya saɓi gicciye ya nufi ƙofa yana ɗingishi.

Bas ta daɗe da isowa, an yi addu'a, ana shirin fara zagaye. Ganinsa ke da wuya guɗa ta tashi. Kaka Zabeti ta durƙusa, Fada ya rungume shi, aka karɓi gicciye aka ɗaga sama. Perepetwa ce kaɗai ta tsaya tana duba faratanta.

Mai zagayawa da su ita ce Sista Goreti, gajeriya mai tabarau, wadda ta yi shekara ashirin tana aikin asibiti kafin a dawo da ita nan. Ta dube shi daga kai zuwa ƙafa ta ce, "Sannu da hanya, Baba. Ka zauna ka huta, mu za mu zagaya."

"Wanda ya taka daga Masaka ba zagaye ne zai kayar da shi ba. Mu je, in kin manta wani abu sai in tuna miki."

Ta tsayar da su a gaban ginin, ta ce an yi shi da siffar bukkar kakanninmu, ginshiƙansa ashirin da biyu, kowane shahidi da nasa.

"Ashirin da huɗu," in ji Lubwama. "Tun daga kan tudu na ƙirga."

"To biyun da suka ƙaru yau da safe aka kafa su, Baba, ba a sanar da ni ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi don kada a ce da shi ake. Suka matsa ga ƙofofin katako da aka sassaƙa labarin shahidan a jiki. Sista na nuna yadda aka kora su a hanya, shi yana cewa haka shi ma ya sha, har ma tasa hanyar ta fi tsawo. Kaka Zabeti da ke bayansa ta ja rigarsa.

"Ɗana, ɗazu ba da ƙafar dama kake ɗingishi ba?"

"Ciwon yawo yake, Kaka. Yana hutar da ɗaya ya kama ɗaya."

"Wannan baƙin tabon na bayanka fa? Ai danƙon ayaba ne, tun daga wuya har ƙasa."

Mata suka matso suna dubawa. Babu wadda ba ta ɓata zane da danƙon nan ba, sun san shi kamar sunansu.

"A gonakin ayaba na riƙa kwana."

"A kan itacen ko a ƙasa?" in ji wata.

"Ku bar shi," in ji Perepetwa. "Mijina a kan ayaba yake kwana in ya gaji. Har ganye yake rufa da shi."

Ya harare ta, ta mayar masa da murmushi.

A ciki kowa ya yi tsit, don wurin yana da kwarjini. Kujeru sun kewaye bagade, haske na saukowa daga can ƙololuwa. Sista ta sassauta murya ta nuna ƙarƙashin bagaden, ta ce a daidai nan aka ƙone babban cikin shahidan, kuma a hankali aka yi, daga ƙafa aka fara sa wutar, ana ce masa kalma ɗaya zai faɗa ta barin addininsa a kwance shi, ya ƙi. Wasu suka share hawaye. Lubwama ya buɗe baki zai ce shi ma ƙafarsa wuta take ci, sai ya ga ba wurin ba ne, ya mayar da shi tari.

Daga nan aka gangara tafki, kowa ya fito da jarkarsa don ɗibar ruwan albarka. Lubwama ya ce a ba shi wuri ya nuna yadda ake ɗiba, ya sunkuya, santsi ya kwashe shi, ƙafa ɗaya ta faɗa ruwa har gwiwa. Da aka jawo shi, wani jan ruwa na tsiyaya daga bandejin yana bin matakala.

"Jini," in ji Kaka Zabeti, ta dafe ƙirji. "Sista, jininsa zai ƙare."

"Ba komai, na saba," in ji shi, yana neman ja da baya.

"Ai mun zo daidai wurin," in ji Sista. "Dama nan ne ƙarshen zagayenmu."

Rumfa ce a gefen coci, inda ake karɓar masu zuwa a ƙasa. Bikin shahidai saura kwanaki, har an fara isowa. Mutane na zaune a jere a kan benci, ƙafafu a cikin robar ruwan ɗumi, wasu tafin ya tsage, wasu farce ya fita. Sista ta ce al'adar wurin ita ce duk wanda ya iso a ƙasa a wanke masa ƙafa a sa magani, kuma in mutanensa na nan, su suka fi cancanta su yi.

Ticha Kasozi ya tako gaba ya naɗe hannun riga. Ya ce, "Fada, jama'a, ku shaida. Ni na yi zaton cika baki ne, na yi masa mugun zato, Allah ya gafarta mini. Mutumin da ya yi wannan saboda ikilisiyarmu shi ya dace da shugabanci. Na janye. A ba ni ruwa in wanke masa."

Zuciyar Lubwama ta buga don murna, ta sake bugawa don tsoro. Ga kujera a hannu, ga kuma Ticha a durƙushe yana neman bakin bandeji.

"Bari, Ticha, abin ba kyan gani. Akwai mata a nan."

"Matan nan sun haihu," in ji Sista. "Zauna."

Aka zaunar da shi kusa da wata tsohuwa 'yar ƙarama da ta taho daga Lira, kwana goma sha huɗu a hanya. Ticha ya warware bandeji a hankali, zagaye bayan zagaye. Wani ƙamshi ya tashi. Tsohuwar ta ɗaga hanci ta shinshina.

"Wa ke soya miya?" in ji ta.

Ticha ya zuba ruwa, ja ya wanke tas. Sai ga ƙafa sumul, mai taushi, ba ƙuje ba kumburi, sai babban yatsa ɗaya da ya yi shuɗi. Aka kwance ɗayar, ta ma fi kyau. Sista ta lakato jan abin da yatsa ta kai hanci. Kowa ya zuba wa Lubwama ido.

Wani mutum da a nan zai sunkuyar da kai. Lubwama kuwa miƙewa ya yi, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Mu'ujiza! Na warke! Ruwan tafkin nan ne, jama'a, kun ga da idonku na faɗa ciki."

"Ƙafa ɗaya ce ta faɗa," in ji Perepetwa.

"Ɗayar ta samu albarkacin 'yar'uwarta."

Kalmar ta riga ta fita. Masu jarka suka taho a guje daga tafki, baƙi daga wasu garuruwa suka kewaye rumfa, ana ɗaga waya ana ɗaukar hoton ƙafa, wata mata na neman yankin bandeji ta kai wa mijinta mai ciwon baya. Kaka Zabeti ta fara waƙar godiya.

Sista Goreti ta jira hayaniya ta lafa. "Madalla," in ji ta. "Amma mu a nan ba ma wasa da mu'ujiza. Sai an rubuta an aika wa Bishop, kuma mai ita sai ya rantse. Taho, Baba, ba nisa."

Ta sa shi gaba, ƙafa ba takalmi, jama'a na biye, har gaban bagade. Ta ɗauko Littafi Mai Tsarki ta miƙa masa.

"Ɗora hannunka. A nan inda aka ƙone ƙafar mutum saboda ya ƙi faɗin abin da ba haka yake a zuciyarsa ba, ka faɗa mana daga ina ka taho a ƙasa."

Lubwama ya ɗora hannu. Ya dubi ƙarƙashin bagaden, ya dubi fararen ƙafafunsa a kan dutse mai sanyi. Ya yi ƙarya a kasuwa, ya yi a gidan biki, ya yi a gaban surukai, amma a nan harshe ya ƙi juyawa. Tsoro ne ya kama shi na gaske, irin wanda bai ji ba tun yana yaro.

"Na taho a ƙasa," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Daga ina?"

"Daga... akwai wani gidan mai a nan baya."

"Jinin fa?"

"Na gwangwani ne."

Wani ya fara dariya a baya, ta bi kujeru ta zagaye cocin, har Fada ya juya yana duba rufi kafaɗarsa na girgiza. Kaka Zabeti ce ba ta yi dariya ba. Ta tako ta tsaya a gabansa.

"Tun jiya da rana rabona da abinci saboda kai. Na ga kaza a Lukaya na kau da kai." Ta juya ga Ticha Kasozi. "Kai kuma janyewar nan taka ba mu ji ta ba. Gobe kai za mu zaɓa, ko kana so ko ba ka so."

Babu wanda ya ce a'a. Aka ɗora wa Ticha gicciye, mutum biyu suka tallafa masa, aka nufi inda aka shimfiɗa abinci a ƙarƙashin itatuwa. Lubwama ya bi bayansu a sanyaye, sai Sista ta riƙe hannun rigarsa.

"Kai ba can za ka ba. Muna da ƙarancin hannu a rumfa, kuma ka ce ka san ciwon ƙafa."

Haka Baban Tagwaye ya kasance a durƙushe, tawul a kafaɗa, roba a gabansa, yana jiyo ƙarar cokula daga nesa. Perepetwa ta zauna a ƙarshen benci da farantinta tana ci a hankali, don kada wani abu ya wuce ta. Ƙafar farko da aka ba shi ta tsohuwar Lira ce. Da ya ɗaga ta daga ruwa sai ya ga tafin ya dare gida uku, ƙasa ta shige cikin tsagar, ga ta ba nauyi kamar busasshen kara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fara gogewa a hankali yadda ba zai fama mata ba.

Tsohuwar ba ta bi su cikin coci ba, kunnenta kuma ya yi nauyi, ba ta san me ya faru ba. Ta dafa kansa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana, ga gajiyarka ga tawa. Kwana nawa ka yi kai?"

Tsohon hali ya taso masa har maƙogwaro. Ya gyara murya.

"Kwana uku cur, Kaka."

Daga ƙarshen benci Perepetwa ta ajiye cokali a kan faranti, ƙwas.

Lubwama ya sunkuyar da kai ya matse tawul.

"A kwance," in ji shi. "Miƙo ɗayar."